Akun Baba Alhaji: Mallaka Ce ko Amana?



Duk wanda ya saba shiga lungunan Batha ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya san irin cikar da wurin ke yi. Ga masu layin aika kuɗi gida, ga masu ɗaure kwalaye a bakin shagunan kago, ga ƙamshin shinkafa da gasasshiyar kaza yana gauraya da na turare. Harsuna kuwa sai wanda kunnenka ya iya ɗauka, har can ka tsinci Hausa a tsakaninsu, ka ji sanyi a ranka. A ɗaya daga cikin lungunan nan akwai shagon wani dattijo tela, mutumin Kano, wanda dukkanmu muke kira Baba Alhaji. A ɗakinsa da ke saman shagon akwai aku-kuturu mai launin toka da jan wutsiya, irin wanda mutanen ƙasar nan ke ce wa kasko. A kan wannan tsuntsu nake son mu yi tunani tare, domin ya jefa ni cikin wata tambaya da na kwana biyu ina juyawa: shin abin da mutum ya saya da kuɗinsa na halal, ya ciyar da shi, ya ƙaunace shi, akwai dokar da ke da hurumin shiga tsakaninsu?

Baba Alhaji ya sayi akun nan fiye da shekara ashirin da suka wuce a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya, kudancin Riyad, don ya ɗebe wa mai ɗakinsa kewa in ya sauka shago. Ba a ba shi takarda ba, shi ma bai nema ba, don a lokacin ba wanda ke tambaya. Hajiya ta rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙanta. Amma har gobe, da zarar Baba ya turo ƙofa da magariba, sai akun ya ce, da muryarta sak, "Alhaji, sannu da zuwa, ga shayi." Na ji da kunnena. Tsigar jikina ta tashi.

Bana idon Baba ya yi rauni, zare ya daina shiga allura, 'ya'yansa suka matsa masa ya koma gida. Ya fara haɗa kaya, ya aika keken ɗinkinsa ta kago, sannan ya aike ni in tambayo yadda ake tafiya da tsuntsu a jirgi. Abin da na dawo da shi bai yi masa daɗi ba. Ana bukatar izinin fitarwa daga hukumar wannan ƙasa, da izinin shigarwa daga hukumar Najeriya, da takardar likitan dabbobi, kuma tushen duka shi ne hujjar cewa an mallaki tsuntsun ta hanyar da doka ta yarda da ita. Baba ba shi da ko rasit. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, tsuntsun nan daga ƙasarmu aka ɗauko shi. Da za a fito da shi ba wanda ya nemi takarda. Yanzu da zai koma gida ne takarda ta zama dole?"

Ban iya ba shi amsa a ranar ba, kuma in faɗi gaskiya, zuciyata tana tare da shi. Sai da na zauna na bi diddigin dokar tukuna na gane cewa al'amarin ya fi ƙarfin ɗakin Baba.

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975. Manufarta ita ce kada cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe ya kai ga ƙarewarsu. Najeriya tana cikinta tun farkon fara aikinta, Saudiyya kuma ta shiga a 1996. Yarjejeniyar ta kasa halittu gida uku. Na rukuni na biyu ana iya cinikinsu bisa izini da ƙayyadadden adadi. Na rukuni na farko kuwa su ne waɗanda ke bakin halaka, an haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji a tsakanin ƙasashe. Tun 1981 aku mai launin toka yake rukuni na biyu, kuma a ƙarƙashin wannan izini an fitar da fiye da miliyan guda daga Afirka a cikin shekara kusan arba'in, ban da waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu, ban da kuma waɗanda suka mutu tun kafin su ga jirgi. A watan Oktoba na 2016, a taron da aka yi a Johannasbag, aka jefa ƙuri'a a asirce, ƙasashe 95 suka amince, 35 suka ƙi, aka mayar da shi rukuni na farko. Hukuncin ya fara aiki a watan Janairu na 2017. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka kawo ƙudurin, tare da irin su Gabon, Chadi, Senegal da Togo. Ƙasashe uku kuwa, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka rubuta togaciyarsu a kan hukuncin, kamar yadda yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa dama. Togaciyar ba ta ɗauke wa Baba komai ba, domin ƙasar da zai shiga da tsuntsun ba ta yi togaciya ba, kuma a nan ma Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa tana bukatar lasisi kan shigowa da fita da irin waɗannan halittu.

Me ya kai duniya ga wannan mataki? Halittar akun ce da kanta. Tsuntsu ne da ba ya gaggawar haihuwa. Sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya balaga, namiji da tamata suna riƙe juna tsawon rayuwa, ba sa yin sheƙa sai a kogon babbar bishiya, ƙwan kuma 'yan kaɗan ne a shekara. Ga shi suna taruwa da yawa wuri guda don kwana ko lasar ƙasa mai gishiri, abin da ya sa kama su ya yi sauƙi. Maharba sukan shafa danƙo a reshe, su ɗaure aku guda a matsayin tarko, kukansa ya jawo 'yan uwansa su manne. Wasu kuma sukan hau bishiya su kwashe 'ya'yan daga kogo, wani lokaci ma su sare bishiyar. Daga nan sai a cusa su cikin akwatuna, a yi kwanaki ana tafiya da su a kwalekwale da babur, ƙishirwa da cunkoso su kashe kaso mai yawa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta daga 1992. A shekarar ce kuma aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Da na karanta wannan sai na sake kallon akun Baba da wani ido. Ba shi da zobe a ƙafa, wato alamar da ake sa wa ɗan tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo tun yana ƙarami. Kusan tabbas daga daji aka ɗauko shi. Kuma dajin nan ba Kano ba ne. Aku mai launin toka ɗan kurmi ne, mazauninsa dazuzzukan Kwango da Kamaru da Gabon, a Najeriya kuwa sai can kudu, irin yankin Kuros Riba da Neja Delta. Ko akun da muka taso muna gani a zaurukan attajirai, da wanda Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce, baƙo ne a ƙasar Hausa, fatauci ne ya kawo shi. Namu na gida shi ne tsirya. Ashe ke nan ko da Baba ya sauka da shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, bai mayar da shi gida ba, keji kawai ya sauya wa gari.

To, ina addini ya tsaya? Nan ne wasu abokaina suka tsaya kai da fata cewa kiwon tsuntsu halal ne, kuma abin da Allah ya halatta ba wani taron Turawa da zai haramta. Rabin maganarsu gaskiya ne. Hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna ƙaninsa, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi yaron labarinsa cikin lallashi, bai tsawata wa iyayen ba. Daga nan malamai da dama suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu matuƙar ana ci da shi ana shayar da shi. Amma littattafan da suka kawo wannan su ne suka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, Annabi ya nuna rashin yardarsa da tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da 'ya'yanta. Ina roƙon mai karatu ya ajiye wannan ruwaya kusa da hoton mutumin da ya hau bishiya a dajin Kwango ya zura hannu cikin kogo. Ni dai ban ga bambanci ba, sai dai na yawa.

Halaccin abu a asalinsa bai wanke duk hanyar da aka bi aka same shi ba. Sayen rago halal ne, amma wanda ya san ragon na sata ne ya saya ya yi tarayya da ɓarawo. Ba ɓarawo ne abin tsoro ba, mai sayen kayan sata ne, don in babu kasuwa babu sata. Kuɗin da ake biya a Aziziyya shi ne ke tura wani ya shafa danƙo a reshe a wata ƙasa da mai sayen bai taɓa gani ba. Alƙur'ani a Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikai al'ummomi ne kamar mu. In haka ne, ƙarar da wata al'umma ɗungurungum don kawai muna jin daɗin tana kwaikwayon sallamarmu ba ƙaramin abu ba ne da za a amsa tambayarsa gobe kiyama.

Batun cewa hukuma ba ta da ikon taƙaita halal kuwa, tarihinmu ya saɓa masa. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza, aka hana jama'a kiwo a wuraren da asali na kowa ne, saboda maslahar al'umma. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato a hana abin da shi kansa ba laifi ba ne in ya tabbata shi ne ƙofar laifi. Cika alkawari kuma wajibi ne, kuma ƙasashenmu da hannunsu suka sa hannu a yarjejeniyar nan. Wanda ya zauna a ƙasa bisa igama ya shiga alkawarin bin dokarta. Saboda haka ban ga yadda za a kira wannan doka kutse cikin addini ba. Ta fi kama da abin da ya kamata a ce mu muka fara kira a yi.

Duk da haka ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, akwai ƙorafe-ƙorafen da ke da nauyi. Na farko, ƙasashen da suka fi kowa sayen akun daji shekara da shekaru su ne na Turai da Amurka. Amurka ta rufe ƙofarta da dokar 1992, Tarayyar Turai ta hana shigo da tsuntsayen daji dindindin a 2007, bayan gidajen kiwonsu sun cika da iri. Yau wanda ke da gidan kiwo mai rajista a wata ƙasa yana sayar da aku bisa doka ya ci riba, ɗan ƙauyen da akun ke kwana a bayan gonarsa kuwa in ya taɓa shi ya zama mai laifi. Wannan rashin daidaito ne na gaske. Na biyu, maharbin nan ba don mugunta yake hawa bishiya ba, talauci ne, kuma abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashin da ake sayar da tsuntsun a nan. Na uku, doka ta fi kama mai gaskiya. Babban dillali ya san yadda zai samo takardar da ke cewa akun daji ɗan gidan kiwo ne, Baba Alhaji da ya je ya yi tambaya da zuciya ɗaya shi ne aka ce wa a'a.

Na auna waɗannan duka, na ga suna nuna cewa dokar tana da giɓi, kuma akwai haƙƙin talakawan kurmi a wuyan waɗanda suka ci moriyar dajinsu. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ke nuna a buɗe ƙofa. In an ci gaba da kamawa, maharbin ma 'yan shekaru kaɗan suka rage masa, kamar yadda ta faru a Gana, inda sana'ar ta mutu tare da tsuntsun. Game da mai gaskiya kuwa, jami'in da ke filin jirgi ba ya ganin zuciya. In aka ce duk wanda ya rantse akunsa na gida ne a bar shi ya wuce, gobe kowane ɗan fasa-ƙwauri zai zo da labarin matarsa da ta rasu. Takardar da ta tsare Baba ita ce ke tsare wancan. Wani lokaci adalci ga jama'a yakan biyo ta kan wanda bai yi laifi ba, kuma abin da ya dace shi ne mu yarda an taka shi, mu tausaya masa, ba mu ce masa bai ji zafi ba.

Jarrabawar ta zo ne mako biyu kafin tafiyarsa. Wani ya zo ya same shi a shago ya ce abin ai mai sauƙi ne: a ba tsuntsun maganin barci, a naɗe masa fikafikai, a zura shi cikin guntun bututun roba, a binne a tsakiyar kaya. Baba ya kira ni ya faɗa mini, yana kallon ƙasa. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ni ɗanka ne, ban isa in koya maka ba. Amma in aka buɗe jaka a Kano aka tarar ya mutu, me za ka ce wa Allah? In kuma aka kama ka a nan, da furfurarka, bayan shekara talatin ba a taɓa jin kanka da hukuma ba, me za ka ce wa jikokinka?" Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Ni muryar nake so, ɗana. Ba tsuntsun ba." Ban taɓa jin mutum ya faɗi gaskiya a kan kansa kamar haka ba.

A nan, a ganina, tambayar ta warware. Yawancin abin da muke kira ƙaunar aku ƙaunar kanmu ce da muke ji tana dawo mana daga bakinsa. Masu bincike sun nuna tsuntsu ne mai kaifin fahimta: wani aku mai suna Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi shekara talatin tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, yana bambanta launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Halittar da ke da irin wannan hankali, wadda aka yi ta don ta tashi cikin garke ta keta kurmi, tana jin kaɗaici, shi ya sa za ka ga wasu a keji suna fige gashin ƙirjinsu da kansu. Kuma yakan rayu shekara arba'in ko fiye a hannun mutane. Mu kuwa a nan baƙi ne, zamanmu rataye yake da igama da kafili, ba wanda ya san ko baɗi yana nan. Wanda bai da tabbacin shekara biyu ya ɗauki nauyin ran da zai yi arba'in, ya yi wa kansa adalci kuwa? Abin da ke hannunmu da rai ba mallaka ba ce irin ta keken ɗinki, da za a ɗaure a kwali a aika. Amana ce, kuma alamar mai riƙon amana ita ce in maslaharsa ta yi karo da ta abin da aka ba shi, ya fifita ta abin.

Wani ya ba da shawarar a buɗe taga a sake shi, a ce an 'yanta shi. Wannan ma kisa ne da sunan tausayi. Tsuntsun da ya shekara ashirin yana ci a kwano ba zai kwana uku a zafin Riyad ba. Wanda aka riga aka raba da daji haƙƙinsa a kanmu shi ne kulawa har ƙarshen ransa: keji mai faɗi da sakewa a ɗaki, abinci mai gauraye da 'ya'yan itace da ganye ba 'ya'yan sanfulawa kaɗai ba, hira da shi, da neman daidaita matsayinsa a wurin hukuma ta hanyar da ta tanada. Wanda kuma bai saya ba tukuna, shawarata ita ce ya haƙura. In ya ga lallai sai ya saya, to ya nemi mai zobe a ƙafa da takardar gidan kiwo, ya adana takardun kamar yadda yake adana fasfo, ya kuma tambayi kansa wa zai riƙe tsuntsun ranar da aka buga masa bizar fita.

Baba Alhaji ya tafi ranar wata Talata. Akun yana wurina, iyalina suna kula da shi, na kuma yi wa Baba alkawarin ba zan sayar da shi ba. Kafin ya tafi na ɗauki muryar a waya na tura wa babban ɗansa. Kwanakin farko tsuntsun ya ƙi ci, ya ƙi magana, sai ya zuba wa ƙofa ido. A rana ta tara, na dawo daga sallar magariba na turo ƙofa, sai na ji an ce, "Alhaji, sannu da zuwa, ga shayi." Ni ban taɓa sauke farali ba a lokacin, kuma ba ni ake nufi ba. Na dai amsa masa, na ce yauwa, sannu da gida. Sannan na kira Kano.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar duk wani mai rai da ya sa a hannunmu, ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da kowane baƙo gida lafiya. Allah shi ne mafi sani.